Santa Barbara: kotu a gindin dutse, gunduma gida biyu

Daga Los Angeles zuwa birnin Santa Barbara, hedikwatar gunduma mai wannan suna a jihar Kalifoniya ta Amurka, kusan kilomita 150 ne. Na bi jirgin ƙasan da ake kira Pacific Surfliner, wanda ke tashi daga tashar Union ya ci kamar awa biyu da rabi. Wanda zai hau ya nemi kujera ta hannun hagu, domin da an wuce garin Ventura layin dogo yake bin bakin teku har a shiga gari. Mai mota kuwa babbar hanya mai lamba 101 zai kama, amma ya guji fitowa daga Los Angeles da yamma lokacin tashi daga aiki, don cunkoso kan ninka masa tafiyar. Daga tashar jirgi zuwa ginin kotun gunduma ba sai an nemi abin hawa ba. Ka miƙe titin State, ka ba teku baya, ka yi tafiyar kamar kilomita ɗaya da rabi zuwa titin Anapamu, ka juya dama. Layi ɗaya za ka wuce hasumiyar kotun ta bayyana.

Abin da ke fara ɗaure wa baƙo kai a garin nan shi ne gabas da yamma. Kowa ya san Kalifoniya da teku a yammacinta, amma daga wurin da ake kira Point Conception gaɓar ta karya kwana. A nan teku yana kudu, duwatsun Santa Ynez suna arewa, sun miƙe daga gabas zuwa yamma, ga kuma titunan gari a karkace aka zana su. Mai neman alƙibla kada ya dubi mafitar rana. Tana arewa maso gabas, har ta fi kusa da arewa, wato wajen duwatsun. Masallacin Musulmin yankin yana Goleta, gari na gaba ta yamma.

Waɗannan duwatsu su ne kan zancen gundumar gaba ɗaya. Kotu, majalisa, kurkuku, ruwan sha, gobara, har yadda mutane ke kaɗa ƙuri'a, duk wanda ka bi diddiginsa sai ya kai ka gare su.

Jihar Kalifoniya tana da gundumomi 58. A matsayi gunduma ta yi kama da ƙaramar hukuma a Najeriya, sai dai ita tana da 'yan sandanta, da kurkukunta, da rajistar filayenta, kuma ita ke karɓar harajin gidaje da hannunta. Gundumar Santa Barbara tana cikin 27 na farko da aka kafa ranar 18 ga Fabrairu 1850, tun kafin a karɓi Kalifoniya a matsayin jiha a watan Satumbar shekarar. A da ta fi haka girma, sai aka yanke gabashinta aka yi gundumar Ventura a 1873. Abin da ya rage ya ɗan haura murabba'in kilomita 7,000 na tudu, har da tsibirai huɗu: San Miguel, Santa Rosa, Santa Cruz da ƙaramin tsibirin Santa Barbara. Ƙidayar 2020 ta samu mutum 448,229.

Ginin kotun yana lamba 1100 a titin Anacapa, ya cinye fili guda tsakanin tituna huɗu: Anacapa, Anapamu, Santa Barbara da Figueroa. Girgizar ƙasa ce ta haife shi. Da sanyin safiyar 29 ga Yuni 1925, kafin ƙarfe bakwai, ƙasa ta motsa, tsakiyar gari ta zube, madatsar ruwa ta Sheffield ta fashe, mutum 13 suka rasu. Ɓarnar ba ta kai ta girgizar San Francisco a 1906 ba saboda ma'aikata sun yi maza sun datse gas da wutar lantarki, gobara ba ta tashi ba. Tsohuwar kotun da aka fara ginawa a 1872 ta lalace yadda gyara ba zai yiwu ba. Dama tun kafin nan akwai masu faɗa a ji irin su Bernhard Hoffmann da Pearl Chase da ke ta kiran a mayar da garin kan fasalin ginin Sifaniya. Girgizar ta share musu fage. Aka kafa kwamitin duba zanen gine-gine, shi ya sa har yau tsakiyar garin farar katanga ce da jan rufin kasko.

Kamfanin William Mooser na San Francisco ne ya zana kotun, kuma ɗansa da ya daɗe a Turai shi ya fi sa hannu a fasalin. An fara aiki a 1926, aka buɗe ranar 14 ga Agusta 1929, 'yan watanni kafin kasuwar hannun jarin Amurka ta faɗi. Kuɗin ya kai kusan dala miliyan 1.37, ya zarce bashin da masu zaɓe suka amince a ciyo nesa ba kusa ba. Abin da ya rufa asiri shi ne rijiyar mai da aka samu a Ellwood, yamma da Goleta, a 1928. Harajin man ne ya cike giɓin. A 2005 gwamnatin tarayya ta sa ginin cikin manyan wuraren tarihi na ƙasa.

Daga waje za ka rantse da tubalin ƙasa aka yi shi, saboda kaurin katanga da zurfin tagogi. Kankare ne da rodi aka yi wa yaɓe, darasin girgizar da aka sha. Ɓangarori huɗu ne a haɗe: na kotuna da ofisoshi, na ajiye takardun rajista, tsohon kurkuku, da ɓangaren hidima. Sun yi kwana sun rungumi wani lambu da ya nutsa ƙasa, wanda shi ne gurbin tsohuwar kotun. Tagogin ba su daidaita ba, wata babba wata ƙarama, wata can sama ita kaɗai, da gangan aka yi haka don a ce gini ne da ya daɗe ana ƙara masa ɗakuna. A ciki na fi daɗewa a kan matakala. Fuskar kowane tsani da gefen bango an lulluɓe su da tayil mai zanen ganye da taurari, shuɗi da kore da ruwan ƙwai, kuma da yawansu daga Tunis aka kawo su, daga gidan sana'ar iyalin Chemla. In ka sa yatsa za ka ji tudun fentin, ka ga inda burushi ya ɗan kauce layi, babu biyu da suka fito iri ɗaya sak. Rufin manyan ɗakuna kuma zanen Giovanni Smeraldi ne, a kan salon da magina Musulmi suka bari a Andalus.

A ganina kyan ginin bai kamata ya rufe wa mutum ido ba. Sifaniyawan da suka zauna a nan ba su taɓa gina abu mai kama da wannan ba. Wanda ke son ganin ainihin nasu ya gangara titin Canon Perdido, tafiyar minti biyar, inda ragowar barikin sojan da suka kafa a 1782 yake. Ɗakuna ne gajeru na tubalin laka da ciyawa. Kotun mafarkin attajiran shekarun 1920 ce game da zamanin da ya wuce.

Haka zancen yake a babban ɗakin zane da ke hawa na biyu, inda majalisar gunduma ta riƙa zama shekaru da dama. Dan Sayre Groesbeck ya cika bangonsa huɗu da tarihin yankin: saukar Juan Rodríguez Cabrillo a 1542, zuwan Sebastián Vizcaíno wanda ya raɗa wa wurin suna a 1602, ginin cocin mishan, da gangarowar John Frémont da sojojin Amurka ta mashigar San Marcos a ƙarshen 1846. A kan yadi aka yi zanen aka manna a bango. Mutanen Chumash, masu ƙasar na asali, suna ciki, amma a matsayin masu kallo da masu ɗaukar dutse. Su ne kuwa suka shafe dubban shekaru a wannan gaɓa, suna ɗinke katakai su yi kwalekwale, su toshe ramukan da kwaltar da ke tsattsafowa a bakin teku, su tsallaka zuwa tsibiran. An kafa mishan uku a cikin abin da ya zama gundumar: Santa Barbara a 1786, La Purísima a 1787, Santa Inés a 1804. Aikin tilas da cututtukan da baƙi suka zo da su suka karkashe su, har suka yi tawaye a 1824. A maƙabartar mishan ta Santa Barbara kaɗai an binne Chumash kusan 4,000. Zanen bai nuna wannan ba.

Shiga ginin kyauta ne, kuma akwai 'yan sa-kai da ke zagayawa da baƙi ba tare da karɓar ko sisi ba. Amma kotu ce mai aiki. Kada a zo da wuƙa ko da ta yankan farce ce, kuma ba a ɗaukar hoto a ɗakin da alƙali ke zama.

Ɓangaren da 'yan yawon buɗe ido ke wucewa da sauri, wato zauren rajista, shi na ɗauka zuciyar wurin, domin tarihin gundumar tarihin rikicin fili ne. Bayan Meziko, wadda ta gaji ƙasar daga Sifaniya, ta karɓe filayen mishan a shekarun 1830, ta raba su ga manyan iyalai a matsayin makiyaya, da taswirar hannu mai cewa iyaka ta tashi daga wancan icce zuwa wancan rafi. Da Amurka ta karɓi ƙasar a 1848, sai dokar 1851 ta ce kowa ya zo ya tabbatar da mallakarsa a gaban kwamiti. Shari'un suka ja shekara da shekaru, wasu sama da goma sha biyar, lauyoyi suna karɓar ladansu da fili. Farin 1863 da 1864 ya zo ya kashe shanu kusan ƙarƙaf, sauran filayen suka tafi a biyan bashi. A cikin gari ma awon tituna da Kyaftin Salisbury Haley ya yi a 1851 ya zo da kurakurai, layuka ba su fito daidai da juna ba, maƙwabta suka daɗe suna kai juna ƙara.

Tsarin da ya fito daga wannan wahala yana da sauƙin bayani. Wanda ya sayar da gida yana sa hannu a takardar miƙa mallaka a gaban notari, jami'in da ke tabbatar da cewa shi ne ya sa hannun. Ana kawo takardar wannan zaure, a buga mata lamba da rana da sa'a, a shigar da ita kundi da sunan mai bayarwa da mai karɓa. Sa'ar nan ita ce komai. In macuci ya sayar wa mutum biyu gida ɗaya, wanda ya saya da zuciya ɗaya kuma ya riga yin rajista shi doka ke ba gaskiya, ko da shi ne na biyu a biyan kuɗi. Ana biyan harajin canjin hannu na dala 1.10 a kan kowace dala 1,000 ta farashin. Abubuwan da ke sa a dawo wa mutum da takardarsa ƙanana ne: ba a bar sarari na inci biyu da rabi a saman shafin farko don hatimin ofis ba, ko shaidar notari ba ta cika ba, ko an rubuta adireshin gida kawai ba a kawo cikakken bayanin iyakokin fili ba, ko sunan da ke sama ya saɓa da na wurin sa hannu. Kuma a lura, ofishin ba ya bincika ko mai sayarwa ne mai gidan da gaske. Ajiya kawai yake yi. Binciken aikin kamfanonin inshorar mallaka ne, shi ya sa ba wanda ke sayen gida a nan ba tare da su ba.

Canjin hannu kuma yana tada haraji. Tun dokar da masu zaɓe suka amince da ita a 1978, mai lamba 13, harajin gida kashi 1 cikin 100 ne na ƙimarsa, da ɗan ƙari na basussukan da masu zaɓe suka amince a ciyo, kuma ƙimar ba ta hawa fiye da kashi 2 a shekara sai an sayar da gidan a sake masa kuɗi. Saboda haka gidaje biyu iri ɗaya a layi ɗaya, wanda aka saya a 1980 da wanda aka saya bara, bambancin harajinsu kan ninka sau da yawa. Sau biyu ake biya a shekara. Na farko in ya wuce 10 ga Disamba, na biyu in ya wuce 10 ga Afrilu, tarar kashi 10 ta hau. Wanda ya yi shekara biyar bai biya ba, gunduma na da ikon yin gwanjon gidan. A wannan zauren dai ake karɓar takardar izinin aure, mai aiki na kwana 90, kuma mutum biyun sai sun zo da kansu da katin shaida. Shi ya sa ba ka rasa amarya da farar riga a lambun.

Kotun kanta yanzu ba ta gunduma ba ce sosai. Daga 1997 jiha ta ɗauki nauyin kuɗin kotunan shari'a, a 1998 kuma aka buɗe hanyar haɗe ƙananan kotuna da manya, kowace gunduma ta koma da babbar kotu ɗaya mai rassa. Alƙalai wa'adin shekara shida suke yi ta hanyar zaɓe, amma yawanci gwamna ne ke fara naɗa su idan kujera ta faɗi, daga baya su tsaya takara, sau da yawa ba abokin hamayya. A tsohon ginin an fi jin ƙararrakin dukiya, gado da iyali. Yawancin shari'un laifi suna wani gini na zamani a tsallaken titin Figueroa.

Talakawan gari ne ke yanke hukuncin gaskiya ko ƙarya a manyan shari'u. Ana zaƙulo sunaye daga rajistar zaɓe, ta lasin tuƙi da ta masu biyan haraji, a aika wa mutum sammaci. Mutum 12 ke zama. A shari'ar laifi sai bakinsu ya zo ɗaya, a ta dukiya 9 sun isa. Ladan dala 15 ne a rana, shi ma daga rana ta biyu, abin da bai kai kuɗin abincin rana a wannan gari mai tsada ba, kuma shi ke sa leburori da masu ƙananan sana'a neman a ɗauke musu. Akwai kuma kotun ƙananan basussuka, inda mutum zai nemi har dala 12,500 ba tare da lauya ba, don ba a ma yarda lauya ya tsaya wa kowa a zaman. Inda ƙara ta fi lalacewa shi ne isar da sammaci. Mai ƙara ba shi da ikon miƙawa da hannunsa, sai wani baligi da ba ya cikin rigimar, kuma aƙalla kwana 15 kafin zama idan wanda ake ƙara yana cikin gunduma, kwana 20 idan yana waje. In aka kuskure, sai a ɗaga. Wanda ya ci shari'a ma tsugune ba ta ƙare ba, kotu ba ta karɓo masa kuɗin, sai ya sake neman izinin kama albashi ko asusun banki.

Majalisar gunduma ta bar tsohon ɗakinta, tana zama a ginin gudanarwa da ke tsallaken titin Anapamu. Wakilai biyar ne, kowa da mazaɓarsa, wa'adin shekara huɗu, ba a rubuta jam'iyya a takardar ƙuri'a, shugabancin kuma karɓa-karɓa ne duk shekara. Su ke yin doka, su ke zartarwa, su ke naɗa babban jami'in da ke tafiyar da ma'aikata, kuma kasafin da ke hannunsu ya haura dala biliyan 1, shekarar kuɗi tana farawa 1 ga Yuli. Amma ba su ke naɗa kowa ba. Shugaban 'yan sandan gunduma, wanda shi ne kuma mai binciken gawa, da babban mai gabatar da ƙara, da mai binciken kuɗi, da ma'aji mai karɓar haraji, da jami'in da ya haɗa rajista da ƙiyasin haraji da gudanar da zaɓe, duk jama'a ke zaɓarsu kai tsaye. Majalisa na iya rage musu kasafi, ba ta iya korarsu. Ranar Talata ake zama. Dokar jiha ta 1953 ta wajabta a liƙa ajanda awa 72 kafin zama, kuma duk wanda ya cika 'yar takarda a ƙofa zai samu kamar minti uku ya faɗi ra'ayinsa. A kan wannan duka akwai wasu mutum 19 'yan gari da kotu ke rantsarwa na shekara guda su binciki ofisoshi da kurkuku, su fitar da rahoto. Dole a ba su amsa a rubuce cikin kwana 60 ko 90, amma ba dole a bi shawararsu ba.

Birane takwas ne ke da nasu magajin gari da majalisa: Santa Barbara, Santa Maria, Lompoc, Goleta, Carpinteria, Guadalupe, Solvang da Buellton. Duk inda ba ya cikinsu, har da Montecito ta attajirai da Isla Vista ta ɗaliban jami'a da Orcutt, gunduma ce hukumarsa kai tsaye.

Hasumiyar tsawonta kusan mita 26. Akwai lif da ke kai mutum kusa da sama, sauran 'yan matakala a taka. A hanya ana ganin injin agogon Seth Thomas na 1929 ta bayan gilashi, da haƙoransa na tagulla da nauyin da ke jansa. Daga sama ne girman matsalar ke fitowa. Garin siririyar ƙasa ce, 'yan kilomitoci tsakanin ruwa da dutse, dutsen kuma ya tashi tsaye har ya haura mita 1,200 a ƙololuwar La Cumbre. A cikin teku, kafin tsibiran, ana hango dandamalin haƙar mai a jere. A ɗaya daga cikinsu ne rijiya ta fashe ranar 28 ga Janairu 1969, gangar mai tsakanin 80,000 da 100,000 ta malala, gaɓar ta yi baƙi. Tun daga nan mutanen kudu suka ƙi jinin haƙar mai, duk da cewa man ne ya biya kotun da suke alfahari da ita.

Ruwan sama a nan daga Nuwamba zuwa Afrilu yake, kimanin milimita 450 a shekara, wata shekarar ya ninka wata ya ƙi zuwa. Rafukan gefen kudu gajeru ne, ba sa riƙe komai. Kogin kirki, Santa Ynez, yana bayan dutse. Don haka aka datse shi wuri uku, Gibraltar a 1920, Juncal a 1930, Bradbury a 1953 wanda ya yi tafkin Cachuma, aka kuma huda dutsen wuri uku don jawo ruwan. Ramin Tecolote, mafi tsawo, ya kai kilomita 10. Matsalar ita ce duk gobarar da ta ci dutse sai damina ta wanko toka da yashi cikin tafki, har Gibraltar ta rasa fiye da rabin cikinta. A farin 2016 Cachuma ya sauka zuwa kusan kashi 7 cikin 100, dole birnin ya sake tada injin tace ruwan teku da ya gina a farkon shekarun 1990 ya rufe, ya koma aiki a 2017.

Gobarar ma daga dutsen take gangarowa. Akwai wata iska mai zafi da bushewa da ke sauko shi da faɗuwar rana. A watan Yunin 1990 ta kwaso wuta daga kusa da mashigar San Marcos, cikin 'yan sa'o'i ta tsallake hanyar 101, gidaje sama da 400 suka ƙone. Mafi muni shi ne abin da ya biyo gobarar Thomas ta Disambar 2017. Idan ƙananan itatuwan dutsen suka ƙone, maiƙon ganyensu kan shiga ƙasa ya daskare, ruwa ya kasa nutsewa. Da asubar 9 ga Janairu 2018 aka yi ruwa kusan milimita 13 cikin minti biyar a kan wannan ƙonannar ƙasa. Laka da duwatsu, wasu girman mota, suka biyo rafuka suka shiga Montecito, mutum 23 suka rasu. An shata iyakar kwashe mutane ne da titi, na sama dole, na ƙasa ganin dama, alhali laka rafi take bi ba titi ba, kuma yawancin mamatan suna ɓangaren ganin dama. Daga baya gunduma ta sake taswirar bisa hanyoyin ruwa, ta ƙara ramukan tare duwatsu. Hanyar 101 ta yi kusan mako biyu a rufe, ma'aikata suna zuwa daga Ventura ta jirgin ruwa da na ƙasa, don babu wata hanya ta kusa.

Zuwa arewa hanya biyu ce. Ta 101 tana bin gaɓa zuwa Gaviota ta ratsa dutse a can, kusan kilomita 120 zuwa Santa Maria. Ta 154 ta fi gajarta, tana hawa San Marcos ta wuce gefen Cachuma, amma siririya ce mai kwana-kwana, ba ta dare ko ranar hazo ba ce ga baƙo. Na bi ta biyun da rana. Da an gangara ƙasar ta canza: gonakin inabi, garken shanu, garin Solvang da 'yan Denmark suka kafa a 1911, can yamma Lompoc da sansanin Vandenberg inda ake harba rokoki. Kwarin Santa Maria shimfiɗaɗɗe ne, sitiroberi da kayan lambu iya ganinka, leburori a duƙe tun da sassafe, akasarinsu 'yan asalin Meziko, wasu ma harshen Mixtec suke ji ba Sifaniyanci ba, abin da ya sa kotu da asibiti ke neman tafinta ruwa a jallo. Ruwansu na ƙarƙashin ƙasa ne. Madatsar Twitchell tana tare ambaliya ta riƙa sakinta a hankali cikin yashin kogi don rijiyoyi su cika.

Santa Maria ta fi hedikwatar yawan jama'a, 109,707 a kan 88,665 a ƙidayar 2020. Arewa na son noma, mai da sababbin gidaje. Kudu na da kuɗi, jami'a, masu yawon buɗe ido da tsauraran dokokin gini. Sau biyu aka kai maganar raba gundumar gaban masu zaɓe, a 1978 da 2006, duka ta faɗi, ta biyun da gagarumin rinjaye, galibi saboda lissafi ya nuna harajin gidajen kudu ne ke ɗauke da hidimomi da yawa na arewa. Maimakon rabuwa sai aka ninka komai. Majalisa tana zama wani mako a Santa Barbara wani a Santa Maria, ana haɗa zaurukan da bidiyo. Akwai reshen kotu a Santa Maria da Lompoc, akwai ofishin rajista a arewa, an kuma buɗe kurkuku na biyu kusa da Santa Maria a 2022 don a daina jigilar fursunoni ta kan dutse. A majalisa mazaɓu biyu na kudu ne, biyu na arewa, ta uku kuma ta hau dutsen ta taɓa ɓangarorin biyu. Wanda ya ci ta shi ke raba gardama a kan mai da filaye, shi ya sa zaɓenta ya fi kowanne zafi da cin kuɗi.

Akwai kuma kusurwa ta uku da duka ɓangarorin kan manta, kwarin Cuyama a arewa maso gabas, bayan dajin Los Padres da tsaunin Big Pine, wanda ya haura mita 2,000 kuma shi ne mafi tsawo a gundumar. Daga Santa Maria ake kama hanya mai lamba 166, tafiyar sama da awa ɗaya. A cika tanki kafin a fita gari, a ɗauki ruwa, don gidan mai da sabis na waya duka ƙalilan ne a hanyar. Ƙasa ce busasshiya da manyan kamfanoni ke noman karas da ruwan rijiya, ana zuƙa fiye da yadda damina ke mayarwa, rigimar rabon ruwan kuma ta kai gaban alƙali. Mutumin New Cuyama da sammaci ya kira Santa Maria zai nufa, domin zuwa kotun titin Anacapa sai ya zagaye dutsen, tafiyar fiye da awa biyu.